Fiton Sidir na Uku

Gidanmu yana ƙasa, a gefen da ruwa ke ci duk shekara idan ƙanƙara ta narke. Gidan ƙanwata Melashka yana sama, cikin ganuwar Kalinets, a kan tudun da ke ƙetaren kogin Seim. Idan na fito shanya na ɗaga kai, rufinta nake fara gani kafin na coci. Tagoginta uku na gilashi ne, da yamma rana ta doke su hasken ya zo har idona. Tawa tagar guda ce, da tantanin saniya aka toshe ta. Shekara tara ina wannan kallo.

Sunana Orishka. Ni ce babba, na ba ta shekara biyu, amma tun muna yara in baƙo ya shigo gidanmu ita yake fara gani. Ba ta taɓa yi mini mugunta ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da tana da baƙin hali da na sami abin kamawa.

Mijina Sidir shi ne mai fito a mashigin Kalinets, ya gaji aikin daga ubansa. Kafin ya zama mijina, Melashka ya nema. Ya zo gidanmu da dattawa biyu riƙe da burodi, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa. A lokacin Baba ya riga ya yi magana da Labrin, wanda ke jagorantar mayaƙa ɗari a cikin ganuwa, saboda haka aka sa Melashka ta fito ta miƙa wa Sidir kabewa, wadda kowa ya san ma'anarta an ƙi mutum ke nan. Tana miƙa masa tana kuka. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya ya tafi da abarsa. Bayan shekara guda ya dawo da dattawan nan dai, da wani burodin, suka ce ni suke so. Na amsa kafin su rufe baki.

Bai taɓa duka na ba, bai taɓa barin gida babu kifi ba. Mutum ne marar magana, yakan wuni bai ce kalma ashirin ba. Na haifa masa biyu, duka muka binne su kafin yaye. Melashka ta haifi mata biyu suka zauna, Nastya da Halya.

Duk ranar da za ta ƙetaro kasuwar wannan gefen, sai Sidir ya tuɓe rigarsa ta fatar tunkiya ya shimfiɗa mata a mazaunin jirgi. Ba ya kallonta ma, ruwa yake kallo. Amma matan gari ba makafi ba ne. Wata rana ina tsaye a gaɓa na ji tsohuwa Hibrya mai sayar da kifi tana cewa, "Sidir, mu namu ɗuwawun na katako ne? Shekara talatin ina hawa jirgin gidanku ko buhu ba a taɓa shimfiɗa mini ba."

"Naki ya saba, Inna," in ji shi.

Duk jirgin ya ɗauki dariya, har da Melashka. Da ya dawo gida na ajiye masa fatensa na gero na ce, "Rigar ta jiƙe ne ko Pani ta ɗumama maka ita?" Pani muke kiran matan manya, kuma ni ban taɓa kiranta haka ba sai in ina son in soke shi. Ya ɗauki cokalinsa ya ci abincinsa.

Takan aiko mini da kaya: zanen da ta ɗaura sau biyu, gishiri, kitsen alade, wani lokaci zuma. Ina karɓa, don muna bukata. In baiwarta ta juya sai in wurga zanen cikin akwati in yi wata ban taɓa shi ba.

A kakar shekarar da Hetman, shugaban dukan Kosak, wato mayaƙan ƙasarmu, ya juya wa sarkin Mosko baya ya koma wajen sarkin Suwidin, labari ya iso cewa rundunar Mosko ta taso. Hetman ya bar mayaƙa da igwa a garuruwansa masu ganuwa, ya ce su riƙe har ya dawo da rundunar Suwidin. Mutanen ƙauyuka suka fara ɗaure kaya suna turuwa cikin Kalinets. Sidir ya kwana uku yana fito daga safe zuwa faɗuwar rana, da mutane da awaki da kaji a kwando.

Rana ta huɗu Melashka ta zo gidana da kanta, da jan takalminta na fata, tana riƙe da hannun Halya, wadda lokacin shekararta huɗu. Sidir yana gyara raga a bakin murhu.

"Yaya, ki haɗa kayanki," ta ce. "Gobe za a sare gadar ramin ganuwa a rufe ƙofofi. Na share muku ɗakin baya, akwai murhu a ciki."

"Ɗakin da baiwarki ke kwana?"

"Na fitar da ita. Duk garin babu inda ba a cika ba, har a barga mutane ke kwana."

"To mu ba za mu ƙara muku cunkoso ba. Za mu shiga fadama, akwai bukkar masunta a tsibiri."

"Cikin wannan sanyin? Labrin ya ce da igwar da ke kan ganuwa ko shekara za su yi ba su shiga ba."

"In Labrin ya faɗa ai ta zauna."

Halya ta saki hannun uwarta ta je ta tsuguna gaban Sidir tana wasa da ƙwallayen raga. Can Melashka ta ce, a hankali, "To in kin ƙi zuwa, ki riƙe mini Halya. Tari take yi, kuma ko gwajin igwa aka yi sai ta kwana tana firgita. Nastya ta yi wayo, za ta jure. Kwana kaɗan ne."

Ina son yarinyar nan. Takan kama kunnena in ta hau cinyata, kamar yadda ɗana na fari ya riƙa yi. Na buɗe baki zan ce to, sai Sidir ya riga ni.

"Bar ta nan," ya ce. Ya ɗago kai ya dubi Melashka, abin da ba ya yi a gabana. "Kada ki damu. Zan kula da ita kamar tawa."

Kamar tasa.

"Ashe gidan mai fito yana da ranarsa," na ce. "Shekara tara ba ki taɓa barin 'yarki ta kwana a nan ba, kada ƙuma ta cije ta. Yau kuma kin ga mun dace da raino. Ni na binne nawa, ba zan zauna gadin na wata ba. Ki mai da ita bayan gilashinki, tunda ganuwar mijinki ba ta faɗuwa."

"Orishka," in ji Sidir.

"Kai ka haife ta?"

Melashka ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Akwai gishiri a ƙullin nan, ku tafi da shi." Sidir ya bi ta ya ƙetarar da su. Ina leƙe ta ƙofa, na ga ya tuɓe rigar ya lulluɓe yarinyar da ita.

Washegari aka sare gada. Mayaƙan ganuwa suka ƙone babban jirgin fito don kada abokan gaba su samu, suka ƙone gidajen da ke wajen ganuwa. Ƙaramin kwale-kwalensa kaɗai Sidir ya tsira da shi, da shi muka shiga fadama tare da wasu gidaje biyar. Daga tsibirin, in ka ratsa dogayen ciyayi zuwa bakin ruwa, kana ganin Kalinets gaba ɗaya a kan tudunsa, ɗan sama da mu.

'Yan Mosko suka iso kamar fari. Suka ɗaure gumagumai suka ƙetare daga can sama, suka kewaye garin. Kwana biyu ana aika manzanni ana dawowa, rana ta uku igwa ta fara. Muna ganin hayaƙi kafin mu ji ƙara. Na ganuwa suna mayar da martani, har da yamma muka jiyo su suna yi wa na waje ihun tsiya. Mazan da ke tare da mu suka ce to, Labrin ya yi gaskiya. Sanyi ya sauko da ƙarfi a kwanakin, kogi ya fara daskarewa daga gefe, ƙanƙara mai kaurin yatsa. Sidir ba ya cin abinci. Yakan je bakin ruwa ya tsaya, in na kira shi ya dawo, in na juya ya koma.

Da asubar rana ta huɗu ƙararrawar coci ta tashe mu. Ba irin kaɗin kiran ibadarmu ba ne, wani ne ke jan igiyar kamar zai tsinke ta. Muka ruga bakin ruwa. Babbar ƙofa tana rufe yadda take, amma wuta na ci a cikin gari, ta gefen ƙaramar ƙofar da mata ke bi su ɗebo ruwa. Daga baya an ce wani ne daga ciki ya nuna musu ita. An kira sunaye da yawa, ban san na gaskiya ba.

Da gari ya waye igwa ta yi shiru, sai muka fara jin mutane. Ban san garin yana da murya haka ba. Kukan mata da yara ne da na dabbobi a haɗe, yana ƙetaro ruwa ba ya yankewa. Muka ga mutane suna dirowa daga kan ganuwa suna gangarowa kogi. Waɗanda suka fara isa suka hau ƙanƙara, ta ɗauke su taku biyar ko shida ta fashe. Na bayansu suna ganin haka amma suka hau, don sojoji na binsu da takobi.

Sidir ya ja kwale-kwale daga cikin ciyawa. Na riƙe gefensa.

"Ina za ka?"

"Mutane na nutsewa."

"Mutane, ko mutum ɗaya?"

Ya cire yatsuna daga jikin katakon ɗaya bayan ɗaya, ya tura. Yana tsaye yana fasa ƙanƙara da sandar tuƙi har ya kai tsakiya inda ruwa ke gudu.

Fiton farko ya kawo mutum tara, jirgin da ba ya ɗaukar fiye da shida. Akwai wata mata da aka sare wa kunne, riƙe da jaririn da ya riga ya mutu. Yana sauke su yana tambayar kowa, "Kun ga iyalin Labrin? Kun ga Pani Melashka?" Ba wanda ya iya ba shi amsa. Fito na biyu ya kawo goma. A cikinsu akwai tsohuwa Hibrya, jiƙe sharkaf, haƙoranta na kaɗawa. Ita ce ta ce masa, "Mata da yara sun shige coci sun kulle. Na ga ƙanwar matarka a wajen."

Na shiga ruwa har gwiwa na kama rigarsa. "Ka yi naka. Dubi gaɓar can, sojoji sun sauko. Sidir, ka dube ni. Ni ce matarka."

Ya dube ni. Fuskarsa duk jini ne na waɗanda ya jawo. Na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya ce, "Ki hura wa mutanen nan wuta, a rami, kada hayaƙi ya tashi." Ya tura jirgin.

Wannan karon bai tsaya tsintar na cikin ruwa ba. Na ga hannaye suna miƙo masa yana wucewa. Ya kai gaɓa ƙasa da mashigi, ya cusa jirgin ƙarƙashin wata bishiya da ta faɗi, ya hau tudu a guje ya shige hayaƙi.

Na tsaya a wurin har rana ta take. Ban hura wutar ba, wasu suka hura. Na ga rufin coci ya kama, na ga ya rufta, ƙararrawar ta faɗi da wata ƙara da na ji a ƙafafuna. Na ga gidan Melashka yana ci, tagogin suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina roƙon Allah ya dawo mini da shi, kuma ba zan ɓoye ba, cikin roƙon ban ambaci kowa ba sai shi.

Bayan azahar wani masunci ya hango kwale-kwalen yana juyawa cikin ruwa, can ƙasa da tsibiri. Suka bi gaɓa suka jawo shi da ƙugiya. Melashka ce kwance a ciki ita kaɗai, gashinta ya ƙone rabi, tafin hannuwanta sun sale. Rigar fatar tunkiyar tana jikinta.

"Ina Sidir?" na ce.

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Ina mijina?"

Hibrya ta ja ni gefe. "Ki bar ta, 'yar nan. Ba ki ga hannunta ba?"

Kwana biyu sojojin Mosko suna kisa suna kwasa. Ba su bar tsoho ba, ba su bar na goye ba. Da za su tafi suka ɗaure gawarwakin shugabannin mayaƙa a jikin gumagumai suka saki a kogi, don garuruwan ƙasa su gani. Suka wuce ta gabanmu a hankali suna karo da ƙanƙara. Labrin na cikinsu, na gane shi da gashin bakinsa. Ban gaya wa Melashka ba, wata ce ta gaya mata. Da muka hau tudun bayan sati guda, babu gida ko ɗaya a tsaye. Karnuka sun ƙoshi har ba sa gudu in sun ga mutum. A inda coci yake ba a iya raba wannan da wancan ba, rami ɗaya aka haƙa musu. Na duba gaɓa sama da ƙasa har kogi ya rufe gaba ɗaya, ban sami Sidir ba.

Gidanmu na ƙasa ma sun ƙone shi. Muka haƙa rami a jikin tudu muka rufa shi da itace da ƙasa, ni da ita muka ci sanyin shekarar a ciki. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake wanke mata hannu da ruwan ɗumi in shafa kitse, ni nake kai ta bayan gida. Sai da ta yi wata biyu kafin ta yi magana, kuma kaɗan-kaɗan labarin ya fito. Ta sa yaran a coci tare da sauran mata, ta fita neman Labrin. Kafin ta dawo an kulle daga ciki, sojoji sun tara ciyawa sun kunna. Sidir ya same ta tana jan ƙarfen ƙofar da ya yi ja. Ya ɗauke ta a kafaɗa tana dukansa, ya gangaro da ita. Ƙanƙara ta riƙe jirgin, sai ya shiga ruwa har ƙirji yana turawa. Daga kan tudu aka harbe shi. Ya ƙara turawa sau ɗaya, ruwa ya ɗauki jirgin.

Waɗanda suka tsira ba su manta shi ba. Da ƙanƙara ta narke suka kafa masa gicciyen itace a mashigi. Amma in ana ba da labarin, ba a cewa mijin Orishka. Cewa ake, mai fiton nan da ya ba da ransa saboda Pani Melashka. Mata sukan zo raminmu da ɗan ƙwai ko zuma, su wuce ni a bakin ƙofa su durƙusa gabanta suna kuka. Ita ta rasa uku, ni ɗaya. Na san lissafin daidai ne. Duk da haka in sun tafi nakan kasa haɗiye abinci. Ko a makoki ta fi ni.

Tana zuwa wajen gicciyen kowace Lahadi. Da na lura, sai na riƙa riga ta, in je tun da sassafe in share wurin in zauna, don in ta iso ta tarar da ni.

Ni na ɗauki aikin fito, da kwale-kwalen nan dai, don babu namijin da ya rage da ya san mashigin kamar ni. Mutane kaɗan suka dawo suka yi bukkoki a gindin tudu, ba wanda ya yarda ya hau sama. Hannuwan Melashka sun warke a ƙanƙance, ba ta iya riƙe allura, amma tana iya dama fate da kiwon kaji. Muka gina ɗaki guda a ƙetare, inda tsohon gidanmu yake. Wani mai kiwon zuma daga Korop ya zo nemanta har sau biyu, da hannuwan nata a haka, ta ƙi. Ni ba wanda ya zo.

A shekara ta uku, wata ranar kaka muna yanka kabeji za mu jiƙa, na yi tambayar da ke cina tun ranar.

"Da yana tura jirgin, ya ce wani abu?"

Ta ci gaba da tura kabejin cikin ganga da gwiwar hannu. "Kamar me?"

"Kin san abin da nake tambaya. Ya ambace ni?"

Ta tsayar da aikin. Sannan ta ce, "Ya ce in gaya miki ki yafe masa. Ya ce ke ce hasken ransa, bai taɓa nadamar aurenki ba ko na kwana ɗaya."

Na ajiye wuƙar. Shekara takwas na zauna da Sidir, ban taɓa jin magana irin wannan daga bakinsa ba. Mutumin da in ya ji daɗin miya iyakarsa ya ce a ƙara.

"Ƙarya kike yi."

"Yaya."

"Ko dai ƙarya kike yi don ki lallashe ni, ko kuma ya iya irin wannan maganar, ke kaɗai yake yi wa. Wanne ne?"

"Wanne kike so?"

"Gaskiya nake so."

Ta zauna a kan kututture ta ɗora hannuwanta a cinya. "Ban ji komai ba. Ina ihun sunan 'ya'yana, ina ƙoƙarin faɗawa ruwa in koma. Bakinsa yana motsi, na gani. Ban san me ya ce ba. Shekara uku ina ƙoƙarin in tuna don in ba ki, babu."

Na yarda da wannan, don ba ta yi mini daɗi ba. Muka ci gaba da aikin. Da muka kusa cika gangar na ce, ban dube ta ba, "Me ya sa ba ki taɓa yi mini maganar Halya ba?"

"In na fara ba za mu iya zama ɗaki ɗaya ba," ta ce. "Kuma ba ni da wani ɗakin."

Ba mu sake tayar da ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Mun yi shekara goma sha huɗu tare. Mukan yi faɗa a kan itace da gishiri, mukan yi dariya wani lokaci in mun tuno Baba da rowarsa. In ta yi ciwo ni ke jinya, in na yi ita ke yi. Wanda bai sani ba zai ce babu 'yan'uwa masu ƙaunar juna kamarmu, kuma ba zan ce ya yi kuskure duka ba.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ta, farkon sanyi. Ni na wanke ta, na sa mata mafi kyawun zanen da ke akwatina. Dattawan ƙauye suka zo da limamin coci, suka ce tunda ba ta da kabarin miji ko na 'ya'ya, ya kamata a sa ta a mashigi, kusa da gicciyen mutumin da ya cece ta. Har an ɗauko magirbi.

Na ce a'a. Suka yi ta magana, liman ya ce abin da ya dace ke nan, kowa zai ji daɗi. Na ce ƙanwata ce, ni ke da iko da gawarta. Na sa aka ɗora akwatin a jirgi, na tuƙa da kaina na ƙetarar da ita, muka hau tudu da ita muka binne ta a gefen babban ramin da ke inda coci yake. Na gaya musu uwa ce, wajen 'ya'yanta ya kamata ta kwanta, suka ce lallai na yi tunani. Wannan gaskiya ne. Amma wurin da ke gefen gicciyen na riga na auna shi da ƙafata tun da daɗewa, na mutum ɗaya ne, kuma na gaya wa liman na wa ne.